Dala Goma Kan Kowace Jaka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kafin wata ta ɗauki salula ta fara rubuto mini faɗa, don Allah ta bari in kai ƙarshe, don ni kaina ba wankakkiya ba ce a labarin nan.

Sunana Najaha, shekarata ashirin da uku. Duk wadda ta taɓa sauka a tashar Matameye ta miƙi hanyar kasuwa ta wuce ta ƙofar shagonmu, ko ba ta lura ba: mai koren ƙyaure, da buhunan shinkafa jere ƙarƙashin rumfar kwano. Shagon Alhaji Idrisa. Shi ya haife ni. Tun da na faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare karo na biyu na ce na yafe, ni ce a bayan tebur. Shi kuwa Baba yana kan kujerarsa ta roba a bakin ƙofa, carbi a hannu, rediyo a gefen ƙafa.

Bara yayana Kabiru ya zo hutu daga Yamai da wani ɗan inji kamar salula mai ƙiba, wanda ake zura wa katin banki a biya kuɗin kaya. Ya ce ma'aikata sun yi yawa a gari, malaman lakkwal, wato makarantar boko, da ƴan asibiti duk albashinsu a banki yake sauka, mu daina korar ciniki. Baba ya jujjuya injin a hannu, har da shinshinawa, muka yi ta dariya. Sannan ya ce, "Shi kuma me yake ci?"

"Ɗan abu kaɗan banki ke cirewa kan kowane ciniki, Baba."

"Kaɗan ɗin nawa?"

"Za su riƙa aiko maka da takarda duk wata, za ka gani."

Kabiru na hawa mota Baba ya kafa doka: duk mai biya da kati, a ɗora masa dala goma kan kowace jaka, ita kuwa jaka a kuɗinmu dala ɗari biyu ce. Ba a rubuta a bango ba, ba a kuma faɗa da baki. Ni nake latsa lambobin, in miƙa, mutum ya sa kod ɗinsa ya kwashi kayansa. Ba mai duba tike, ƴar takardar da injin ke fitarwa. Ni ma wallahi ban taɓa jin ɗar a raina ba. Baba ya ce, magana ta ƙare.

Sai wata Laraba da hantsi.

Moto ya tsaya a ƙofa, wani dogon mutum baƙi ya sauko, farar rigar asibiti na leƙowa ta ƙarƙashin jakat ɗinsa. Ya gaida Baba har ƙasa, ya shigo ya sayi taliya, mai, madara da sukari, ya miƙo kati. Ranar ina sanye da atamfata mai ruwan ƙwai da ƙaramin hijabi baƙi, ko kwalli ban sa ba, abin da har yau nake jin haushinsa. Na latsa, ya sa kod, injin ya tofo takarda. Maimakon ya cusa a aljihu kamar kowa, sai ya tsaya yana karantawa.

"Madmazel, ina jin an yi kuskure. Kayan jaka takwas ne, ga dala tamanin a sama."

"Ba kuskure ba ne. Na kati ne."

"Au. To ina aka rubuta?"

Na shiga gyara gwangwanayen tumatir da ba abin da ya same su.

"Ban ƙi biya ba," ya ce, a hankali yake magana kamar mai lallashin majiyyaci. "Amma da kin faɗa mini kafin in sa kod, da na zaɓa da kaina."

Daga bakin ƙofa Baba ya ɗaga murya. "Samari, shagon nan ba na gwamnati ba ne. Wanda bai ga dama ba, ga kasuwa nan da faɗi."

Na zaci zai yi zuciya. Sai ya fita ya durƙusa gefen kujerar Baba ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Dukiyarka ce, kai ke da iko. Ni dai na ce a riƙa sanar da mutum ne." Ya ɗaure kayansa a bayan moto ya tafi.

"Ƴan boko," in ji Baba. "Mai gardamar tike."

Sunan da ya bi shi ke nan a shagonmu. Sunansa na gaskiya Cha'ibu, malamin asibiti ne a Tsauni, wani gari kusa da mu, ɗan asalin Damagaram. Na sani ne don ya dawo. Bayan kwana biyu ya zo ya sayi sabulu guda ɗaya, ya biya da tsaba. Bayan kwana uku, sabulu guda. A zuwansa na biyar na kasa haƙuri na ce, "Likita, wai a Tsauni ba a sayar da sabulu ne?"

Ya ce, "Ana sayarwa. Na can ba ya kumfa."

Na sa bakin hijabi na toshe dariyata. Da zai tafi ya bar wata ƴar takarda a kan sikeli, da lambarsa a jiki. Kwana huɗu tana cikin jakata, kullum sai na ciro na duba na mayar. Ran na biyar na rubuta masa, "Ka manta takardarka." Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amso, "Ban manta ba. Ajiya na ba ki."

Ƴan uwa, daga nan fa aka fara. Ba ya cikin masu dogon zance da kalaman da ake kwafowa. Saƙonsa gajere ne. "Kin karya?" "Yau mun karɓi haihuwa biyu, duka mata, duka lafiya." "Ɗakina ya fara kama da shagonku, sabulu goma sha ɗaya." In rezon waya ya ɗauke a Tsauni sai ya hau tudun bayan asibiti don kawai ya tambaye ni ko ciwon kan Inna ya sauka. Ni kuwa salula na motsi gabana na faɗuwa, ko da saƙon kamfani ne.

A gida kuma wuta ake hura mini. An sa ranar ƙanwata Fadima bayan babbar Sallah, tsakar gidanmu ya cika da akwatuna da kwanuka, ƙamshin turaren wuta har waje. Ran nan na dawo da la'asar na tarar da Gwaggo Shekara, yayar Baba, ta baje a tabarma tana ɗaga lesukan Fadima ɗaya bayan ɗaya, Inna na gefe tana tsince zogale.

"Ke Najaha, zo nan ki zauna."

Na zauna a bakin tabarma.

"Ƙanwarki za ta shiga ɗakinta. Ke kuma injin katin nan za ki aura?"

"Kai, Gwaggo."

"Ba kai Gwaggo ba. Ba wanda zai ɗaure ki ya kai, gidan nan ba a yin haka. Amma ki fito da mutum mu gan shi. Ranar biki mata za su tambaye ni ina yayar, me zan ce musu?"

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ki bi ta a hankali. Kwanan nan ina jin ta tana dariya ita kaɗai a ɗaki."

Gwaggo ta saki leshi. "Iye! Ɗan gidan wa?"

Na tashi da gudu na shige ɗaki. Da wane baki zan ce shi ne wanda Baba ke kira mai gardamar tike? Baba mutum ne mai sauƙi, amma in ya sa mutum a layin marasa kunya, fitar da shi sai Allah.

Yanzu ga inda nawa laifin yake.

Akwai wata tsohuwa, Iya Ma'u, da ke zuwa daga ƙauyen Yauri sau ɗaya a wata, ranar kasuwa. Ɗanta Yunusa yana dako a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, shi ya aiko mata da kati yake zuba mata kuɗi a ciki. Ba ta karatu. Katin na ƙunshe cikin tsumma, tsumman cikin leda, ledar ɗaure a bakin zanenta. Kod ɗin kuma yana rubuce a wata ƴar takarda da ta yi laushi don riƙo. Duka biyun take miƙo mini ta ce, "Ungo jikata, ke kika san maganarsa." Kayan jaka ashirin take saye, ni kuma in latsa ashirin da ɗaya. Wani lokaci har ƙullin gyaɗa take kawo mini.

Ran nan ta zo Cha'ibu na tsaye yana jiran sabulunsa. Ya ga ta kwance leda, ya ga ta miƙo takardar kod, ya ga abin da na latsa. Da ta fita neman mai amalanke sai ya matso.

"Ta sani?" ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Dokar shago ce."

"Na san doka ce. Ita ta sani?"

Na kawar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Kod ɗinta ta ba ki, Najaha. Ni ko mahaifiyata ba ta san nawa ba."

Ya ajiye kuɗin sabulu, ya fita ya bar sabulun a kan tebur.

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Ina isa gida na rubuta masa, "Kai albashi kake ɗauka, ba ka san yadda kasuwa take ba. Ribar buhun shinkafa nawa ce da za mu biya wa mutane kuɗin banki? Babana ba macuci ba ne."

Sai bayan magariba ya amso. "Gaskiyarki, ban san kasuwa ba. Kuma ban ce Alhaji macuci ba ne, Allah ya tsare bakina. Banki na cin nasa, dole wani ya biya. Na ce dai a faɗa wa mutum." Can sai ga wani. "Akwai abin da na jima ina son tambayarki, kar ki ji haushi. Yaushe rabon da ki ga Alhaji ya karanta wani abu da kansa?"

Na zauna a bakin gado da salula a hannu. Na tuna Baba ya daina duba kalanda, sai ya ce, "Naja, yau nawa ga wata?" Na tuna in an kira shi sai ya miƙo mini waya ya ce in ga wane ne, wai hannunsa da maiƙo. Na tuna ranar da ya gaida maƙwabcinmu na shekara ashirin da "Sannu baƙo," sai da mutumin ya yi magana Baba ya mayar da abin wasa. Kullum ina tare da shi, daga safe har yamma, amma sai wani daga Tsauni ne ya gani. Na kifa kai a filo na yi kuka mai isata.

Wata guda cur ina ɗauke da abu biyun nan a ƙirji. Cha'ibu bai sake tayar da maganar ba. Ya ci gaba da "Kin karya?" ɗinsa, ya ci gaba da zuwa, sai dai ni na kasa haɗa ido da shi.

Yau da safe Iya Ma'u ta dawo. Ta kwance ledarta, ta miƙo kati da takarda, ta ajiye mini ƙullin gyaɗa a kan sikeli. Na riƙe injin, yatsana ya ƙi latsawa. Baba na nan bakin ƙofa, taku uku tsakaninmu.

"Iya," na ce, "akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. In an biya da kati muna ƙara dala goma kan kowace jaka. Kayanki na jaka ashirin ne, jaka ashirin da ɗaya nake cirewa. Wata bakwai ke nan."

Na ji carbin Baba ya tsaya.

Tsohuwar nan ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta dube ni, ta dubi injin, ta ɗan yi murmushi irin na wanda bai gama fahimta ba.

"To, jikata, in haka dokar take ai shi ke nan." Ta murza bakin zanenta. "Ni dai Yunusa nake tunani. Ya ce mini a bayansa yake ɗaukar buhu daga jirgi zuwa mota. Jaka gudan nan, ko buhu nawa ne a bayan nasa?"

Baba ne ya yi gyaran murya, ya miƙe, ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa.

"Baiwar Allah, ki yafe mana. Ungo na wata bakwai ɗin." Ya zaro takardar kuɗi ya miƙa. "Ga biyar, Naja ki cika mata biyu."

Ta jaka goma ce a hannunsa. Na karɓa a hankali na canza a ɓoye. Amma ya ji ƙarar aljihun tebur, ya kuma ji na daɗe. Ya gane na ga bai iya bambance takardar ba.

Da aka yi azahar, layi ya yi tsit don rana, ya dawo daga masallaci ya ce in tura ƙyaure ɗaya. Na ce a raina yau kashina ya bushe, na tona asirin shago a gaban baƙuwa. Ya ciro ɗan makulli daga jikin carbinsa ya buɗe aljihun tebur na ƙasa, wanda ba mai taɓawa sai shi. Ambulan ne na banki a jere, fiye da goma. Ko ɗaya ba a farke ba.

"Karanta mini," ya ce.

Na farke na farko, na biyu, na uku. Duk abu ɗaya suke faɗa.

"Baba, dala huɗu suke cirewa kan jaka."

"Huɗu."

"Huɗu, Baba."

Ya zauna a kan buhun sukari, ya riƙe gemunsa.

"Ashe shida nake ci na mutane." Ya girgiza kai. "Wallahi Naja ban sani ba. Tsoro na ji. Abu ne da ba na ganin cikinsa, na ce gara in sa da yawa kar ya cinye mu muna zaune. Tun daminar waccan rubutu ya zama mini hayaƙi. Yanzu fuskarki ma sai kin matso."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"In faɗa Kabiru ya ce in zauna gida? Shekara talatin da huɗu ina buɗe ƙofar nan da hannuna. In na zauna gida, a kira ni wa?"

Na durƙusa a gabansa na riƙe hannunsa. Rabon da in riƙe hannun Baba tun ina ƴar firamare yana tsallakar da ni titi. Ya yi sanyi, ya yi taushi, ba kamar yadda na san shi ba. Hawayena na ɗiga a kai, shi kuma yana cewa, "Haba, haba, ai ba mutuwa na yi ba."

Ya sa na yago gefen kwalin madara na rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Faransanci: MAI BIYA DA KATI, AKWAI DALA HUƊU KAN KOWACE JAKA, KUƊIN BANKI NE. Ya ce wanda ba ya karatu in faɗa masa da baki kafin in taɓa injin. Ya ce duk wanda na tuna fuskarsa cikin waɗanda aka ɗora wa goma, in ya shigo in mayar masa da nasa, ko bai tambaya ba. Da kansa ya lalubi ƙusa ya rataye kwalin a ƙofa, a karkace, ban gyara ba.

Ya koma kujerarsa. Na ɗauka an gama. Ina share tebur sai na ji ya ce, "Wa ya sa ki wannan magana?"

"Ba kowa, Baba."

"Naja. Idona ne ya tafi, kunnena na nan. Moton nan da ke tsayawa sau uku a mako, na san kukansa tun daga kwanar tasha. Sabulu guda ɗaya, minti ashirin ana saye."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja hijabi na rufe fuska duk da na san ba gani yake ba.

"Yaron ya faɗa mini gaskiya a ƙofar shagona, kuma a durƙushe ya faɗe ta. Na ji haushi, amma na riƙe." Ya ja carbi ɗaya, biyu. "Ki ce wa malamin asibitin nan naki ya zo gobe bayan azahar ya duba mini idon nan. Daga nan in ji abin da ke tafe da shi. Ke kuma gobe ki zauna gida ki taya uwarki aiki, ba na son ganin ƙeyarki a nan."

Naki. Ƴan uwa, kun ji abin da ya ce? Naki.

Na shige bayan buhunan shinkafa, har sau uku ina goge abin da na rubuta. Daga ƙarshe na tura, "Baba ya ce ka zo gobe bayan azahar. Kai kaɗai. Zai nuna maka idonsa, kuma ya san komai."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Mutumin da ke karɓar haihuwa hannunsa ko rawa ba ya yi, yau ya rasa abin cewa. Can salula ta yi ƙara, na manta ban kashe sautin ba.

"Me ya ce?" in ji Baba daga ƙofa.

"Baba…"

"Karanta mini. Ai yau ke ce idona."

Na dubi salula. "Ya ce, wai… rigar asibiti zai sa ko babbar riga?"

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji irinta ba, har da tari, har mai shayin tsallaken titi ya waiwayo. Ya share ido da hannun riga.

"Ce masa ya sa duk wadda ya ga dama, ai ba gani nake ba. Bakinsa zan saurara."